Godiya ta musamman ga Baba mai garejin Fijo na Kakuri da yaransa

Assalamu alaikum Baba. Na san kai ba ruwanka da Facebook, to yaranka su karanta maka don Allah, kuma mutanen Kaduna su shaida.

Fijo 504 ɗin mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, haɗin PAN, masana'antar Fijo ta nan Kakuri, kamfanin da ya fara haɗa mota tun 1975, wato ƴar gida ce gaba da baya. Ta daɗe a ajiye a ƙarƙashin rumfa, da na tashi farfaɗo da ita sai maganar boris ɗin taya ta zame min ciwon kai. Wani gareji ko jak ba su sa ba, daga tsaye aka ce min a zubar da duka a sayo sabbi, wani kuma ya ce tsohon ƙarfe ba ya mutuwa a ƙara giris kawai a mayar, kuma kowa da kuɗin aikin da ya yanka min, wallahi na fita a rikice ban san wa zan bi ba.

Ku kuwa sai da kuka ɗaga motar, kuka girgiza kowace taya sama da ƙasa, kuka juya ta kuna saurare, sannan aka kwance. Yaron nan naka dogo mai shiru-shiru, Allah ya yi masa albarka, shi ya zauna ya wanke boris ɗin da kananzir ɗaya bayan ɗaya har ƙarfen ya fito fes, ya kira ni ya ce Yaya zo ka gani da idonka. Na gaba ta hagu ya nuna min ƴan ramuka a jikin zoben, tsatsa ta ci daidai inda ƙwayoyin suka zauna shekara da shekaru motar ba ta motsi, ga wani wuri ya yi shuɗi-shuɗi alamar ya taɓa ɗaukar zafi babu giris. Ya sa min farce a wurin na ji yana kamawa. Ya ce wannan ya gama aiki, kuma tunda za a canza shi gara a canza na dama ma su tafi tare. Na baya kuwa sumul suke, ba kaushi ba lilo, kai da kanka ka ce a bar su, asalin kaya ne masu kyau, sabon giris da sabon sil (robar da ke tare giris) kawai suke so. Ka kuma hana a haɗa zoben wani boris da ƙwayoyin wani, don kowanne ya riga ya ci da ɗan uwansa.

Abin da ya fi taɓa ni, ka san da ka ce a canza duka zan biya ban ce uffan ba, amma ka ce ba za ka ci kuɗin maraya a kan abin da bai lalace ba. Na gode Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Kuma gaskiya jama'a abin da ke faruwa a kasuwar sifiya yanzu abin tsoro ne. Kwali an rubuta SKF, sunan sanannen kamfanin boris, ɓaro-ɓaro, ciki kuwa jabu, ka sa yau kafin damina ta fita ya fara kuka. Shi ya sa Baba bai yarda na je ni kaɗai ba, ya haɗa ni da yaronsa ya zaɓo. Boris fa ba kwalliya ba ne, in ya ƙone yana iya riƙe taya kana tsakiyar hanyar Zariya da iyali a mota. Amma yaran yanzu da yawa guduma kawai suka sani, su doka boris ya shiga a karkace, su ɗaure noti yadda suka ga dama, ogansu na zaune yana danna waya bai ko leƙo ba, gobe ka dawo da ƙara a ce maka hanya ce ba kyau.

In sha Allah ƙarshen wata zan kawo ta ku duba min birki, wurinku dai zan dawo.