Zuwa ga mutumina na Kuala Lumpur, kan laftof ɗinka da ta ƙi tashi

Assalamu alaikum mutumina,

Ya karatu, ya zaman Maleshiya, ya ruwan samanku da ba ya ƙarewa? Mu nan Kano lafiya lau sai zafi. Shekaranjiya na biya ta gidanku na gaida Hajiya, ta ce in faɗa maka ka dinga kira ranar Juma'a ba sai aljihu ya bushe ba. Na isar da saƙo, babu ruwana.

Na saurari saƙon muryarka har sau biyu, wallahi yadda kake magana na ɗauka rasuwa aka yi, ashe laftof ce. Amma ban yi maka dariya ba don na san zafin abin, bara ni ma haka tawa ta yi min, ina tsaka da buga FIFA da yaran unguwa kawai sikirin ya yi baƙi ƙirin, fanka ta tsaya cik, ko ɗan hasken nan na gefe babu. Na danna madannin kunnawa ya fi sau hamsin kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka a tsanake, don a waya kai ba ka barin mutum ya ƙarasa zance.

Abu na farko dan Allah kar ka ɗauki sukundireba tukuna. Ka ce watanninta bakwai da saye, to mafi yawan kamfanoni warantin shekara 1 suke bayarwa, ka nemo rasit ɗinka ka duba. In akwai ɗan sitika a kan ɗaya daga cikin sukurorin ƙasa kar ka fasa shi, suna iya fakewa da shi su ce kai ka ɓata. Duk abin da zan faɗa na buɗe ciki na wanda warantinsa ya ƙare ne, ko wanda ya sayi tokumbo irina.

Ka fara daga bango. Na san za ka ce raina maka hankali nake, amma ka canza soket, ka cire ekstenshin ɗin nan da kuka jona abu goma a kai. Filoginku irin namu ne mai ƙafa uku, kuma a cikin kansa akwai ɗan fis, yana ƙonewa musamman bayan tsawa, ku kuwa garinku tsawa ba ta da wuya. Fis ɗin nan kuɗinsa bai kai na shayi da biredi ba amma yana iya sa mutum ya kwana yana lissafin sayen sabuwar kwamfuta.

Sai caja, nan nake so ka buɗe ido sosai don ita ce ta tona asirin tawa. Yawancin manyan cajojin nan akwai ɗan haske a jikinsu ko a bakin wayar. Ka jona ta a bango ita kaɗai ba tare da laftof ba ka ga ko hasken ya kama. In bai kama ba, alhamdulillah, mai yiwuwa caja ce kawai ta mutu, ka tsira da sauƙi. In ya kama, sai ka soka ta a laftof idonka na kan hasken. In ya ci gaba da ci, da sauran magana. In kuwa kana sokawa ya ɗauke ɗif, sai ka zare daga bango ka sake jonawa kafin ya dawo, to akwai shot, wato wuta na haɗewa ta inda bai kamata ba, a cikin bod ɗin, babban allon nan na ciki da komai ke manne a kai, cajar ce take kashe kanta don kar ta ƙone. A nan ka tsaya, kar ka yi ta sokawa kana zarewa wai ko za a dace, ƙara ɓarna kake yi.

Kuma in za ka ari cajar wani don gwaji ka karanta rubutun bayanta. Laftof ɗin gem ba irin ta ofis ba ce mai wat 45 ko 65, namu suna cin 150, 180, 230 wasu har sama da haka, a kan volt 19.5 ko 20. Volt ɗin dole ya zo daidai da na taka, wat kuwa ya kai ko ya fi, kar ya gaza. Wasu kuma bakin cajarsu akwai siririyar allura a tsakiya da kwamfutar ke gane cajar da ita, in ta lanƙwashe ko ta karye sai ka ga abin yana ta iskanci. Ka haska tocilan waya ka leƙa, har ramin da take shiga a jikin laftof ɗin, ka ɗan girgiza ka ji ko yana rawa.

In caja lafiya take, sai ka yi abin da masu gyara ke yi a gabanka cikin minti ɗaya su karɓi kuɗi. Cire caja, cire maus da duk wani abu da ke jikin USB da HDMI, ka danne madannin kunnawa ka riƙe daƙiƙa 60 cur, ka ƙirga, kar ka yi ha'inci. Akwai wani ɗan guntun cif a bod da aikinsa kula da wuta da caji da madannai, wani lokaci shi ne yake rikicewa ya daskare, wannan dannewar takan sa ya farfaɗo. Wasu laftof ɗin ma suna da ɗan rami kamar na allura a ƙasa da zanen batir kusa da shi, ka sa tsinke ka danna. Bayan nan ka jona caja ka ba ta ɗan lokaci kafin ka kunna, in ta kama ka yi haƙuri da ita, takan ɗan jima sikirin na baƙi kafin tambarin ya fito.

Af, na manta ban tambaye ka ba, mutuwa ta yi gaba ɗaya ko dai hoto ne babu? Don ba ɗaya ba ne. In fanka na juyawa ko kibod na haske, ko in ka danna Caps Lock hasken sa na kamawa yana ɗaukewa, to tana da rai, ka jona ta da talabijin ta HDMI ka gani. Irin wannan sau da yawa RAM ce, ɗan katin memori da ake sokawa a bod, a zare a goge bakin a mayar, in guda biyu ne a gwada ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka ajiye ta a kan tebur ka duba ko tana tangaɗi ko wajen taɓawan nan na yatsa ya kumburo sama, in haka ne batir ya kumbura, kar ka matsa shi kar ka huda shi, wuta yake kamawa ba wasa.

Ni tawa duk na yi wannan, har na buɗe na zare wayar batir daga bod na gwada da caja zalla, shiru, hasken caja na ɗaukewa. Da na ga cikin fankar ma sai da kunya ta kama ni, ƙurar hunturu ta yi dam a bakin inda iska ke fita kamar audugar katifa, ga shi kullum a kan bargo nake ɗora ta. Na kai wa wani mai gyara, ko mitar auna wuta bai ɗauko ba ya juya ta sau biyu ya shinshina ya ce bod ya tafi sai dai a sa wani, ya faɗi kuɗin da ya kusa rabin abin da na saye ta. Na ce masa zan dawo, har yau ina dawowa.

Wani abokin yayana ne ya haɗa ni da wani yaro a wajen Farm Centre, ɗan shagonsa ko mutum uku ba zai ɗauka ba. Shi wannan ya sa mita a layin da wuta ke shigowa, ta yi ƙara ɗiiii, ya ce shot ne. Sai ya zuba ɗan sifirit a kan bod ɗin, ya ba shi wuta ƴar kaɗan kamar volt 1 daga injinsa, muka zuba ido. Wallahi ina kallo wani wuri guda ya bushe nan take saura na jiƙe, wani ɗan kapasito ne da bai fi ƙwayar gero ba, shi ne yake zafi. Ya ɗauke shi da hantsaki da iskar zafi, ya ciro irinsa daga wani mataccen bod ya manna, ya sa caja haske ya tsaya. Ya wanke fanka ya canza man nan da ake shafa wa firosesa. Ga ta nan da ita nake rubuto maka wannan. Ba kowa ke dacewa haka ba fa, ya ce wani lokaci MOSFET, ɗan abin da ke buɗe wa wuta hanya yana rufewa a bod, shi ne yake ƙonewa ya tura wuta mai yawa cikin firosesa ko katin hoto, wannan kam sai haƙuri.

To in abin ya kai ga mai gyara, na san Low Yat Plaza, kasuwar kayan kwamfutar nan ta garinku, za ka nufa, ka nemi wanda ke gyaran bod da gaske, wanda za ka ga mita da madubin ƙara girma a teburinsa, ba mai canza kaya kawai ba. Ka tambayi kuɗin dubawa tun kafin ka miƙa.

Maganar aikin digirinka da ka ce yana ciki, kwantar da hankalinka, mutuwar bod ba kasafai take taɓa SSD ba, wato ma'ajiyar fayilolinka. Ɗan siriri ne sukuru ɗaya ke riƙe da shi, a zare a sa a ɗan gidansa na USB a karanta a wata kwamfutar. Abin da zai iya ba ka ciwon kai shi ne in Windows ta kulle shi da makullinta na tsaro BitLocker, za ta nemi lambobi 48, ka shiga asusunka na Microsoft ta waya yau ɗin nan ka duba ko suna can ka rubuta a takarda. In ta waranti za ka bi, ka tambaye su maganar fayilolinka kafin ka ba su, don sukan goge komai.

Ka gwada cajar nan da daddare ka turo min bidiyon hasken, daga nan zan san inda muka dosa. Ka gaida abokin ɗakinka ɗan Zariyan nan, ka ce masa ban manta da ci 4 da ya yi min ba, ramuwa na nan in kun dawo hutu.

Naka,
mutuminka na Kano