Koken Iyayen Unguwar Mabera Kan Fatin da Ake Haɗa wa Yara

Zuwa ga Mai Girma Uban Ƙasa,
ta hannun Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi lafiya. Mu talakawanka ne, iyaye maza da mata, kuma ɗa ba ya da inda zai kai kuka sai wurin uba.

Daren Asabar da ta wuce, bayan sha biyu, aka fito da wani yaro ɗan sakandare daga gidan da aka ba da haya don fatin gama jarrabawa, yana ta fizge-fizge, kumfa na fita bakinsa. Maimakon abokansa su nufi asibiti, sai suka tsaya ɗura masa madara don kada asiri ya tonu. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai, huhu yake gangarawa. Kwantar da shi ake yi ta gefe, a nemi mota. Allah ne ya yi da sauran kwanansa.

Ranka shi daɗe, ga yadda abin yake tafiya. Ta WhatsApp ake gayyata, kowa ya kawo kuɗin shiga, a gida kuma ya ce zai kwana wurin abokinsa. Ana juye kodin cikin robar lemo, a jefa ƙwayar sa barcin nan, roci, ta narke, giya kuma a gorar ruwa. Babba ko ya leƙa, lemo zai gani. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a hannun yaranmu 225 ne, shi ke kawo wannan farfaɗiyar. Kodin kuwa in ya haɗu da roci ko giya, numfashi yake dannewa, yaro ya yi barcin da ba tashi. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tarin mai kodin. To daga ina yake fitowa?

Mun yi magana, mun sake yi, an zauna, an watse. Mai gidan ya ce shi haya ya bayar.

Muna roƙo da girman kujerarka: kada a sake ba yara hayar gida ko zauren taro sai da sanin Mai Unguwa, da sunan uban da ya tsaya musu, da manya biyu a ciki har a tashi, ƙarfe goma a rufe. Abin sha a buɗe shi gaban manya, kada kowa ya shigo da robarsa, wanda ya fita kuma ya fita ke nan, don a waje ake ɗauko kayan. A kira masu kemis a ja musu kunne, wanda ya ƙi ji a haɗa shi da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da Hisba. Limamai su tuna wa iyaye su riƙa kiran gidan da yaro ya ce zai kwana, su duba harshe ko ya yi shuɗi, su lura da yawan susa da gyangyaɗi. Wanda ya riga ya yi nisa a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, duka ba ya cire ƙwaya.

Sannan mai gidan nan, ranka shi daɗe, a kira shi. Mun ji an ce ya sake karɓar kuɗin wani fatin.

Allah ya ƙara maka imani da nasara.

Mu ne talakawanka,
Iyayen yara na unguwar Mabera, Sakkwato.