Karkatar tayoyin baya idan an rage tsayin mota

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin matasanmu na Kumasi masu motocin tsere, waɗanda ke zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai, a sauya musu sifirin, wato ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi, domin motar ta yi ƙasa. Da zarar an rage tsayinta, saman tayoyin baya yakan ƙara karkata ciki, sai gefen tayar na ciki ya cinye har wayar da ke cikinta ta bayyana, alhali gefen waje yana nan kamar sabo. Karkatar digiri 1 zuwa 2 tana taimaka wa mota ta riƙe kwalta a kwana, amma fiye da haka ɓarna ce a titunanmu masu ramuka. Ina roƙon makanikai su fara daidaita tsayin, sannan su yi saitin tayoyin da na'ura, ba da ido ba.

Naka,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi