Baffa ya ce in babu ne in faɗa, a haɗa mini kuɗin mota

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in amsa wa Baffana a bainar jama'a, tunda ba ya fashin karanta jaridarku, kuma na san ba shi kaɗai ke da irin ra'ayinsa ba. A watan Yunin da ya wuce na tura hotona a zauren WhatsApp na gidanmu, ina riƙe da keke, hular kwano a ka, taɓo har gwiwa. Ba a yi minti goma ba sai ga saƙon murya: "Kai yaro, shekara shida a Turai, ashe a keke ka ƙare? In babu ne ka faɗa, a haɗa maka kuɗin mota." Ƙannena suka samu abin yi har dare.

Abin da ya ba ni dariya, Baffan nan shi ne ya ishe mu da labarin ranar da ya shiga ƙauyenmu da sabon Rali, bai ko cire ledarsa ba, yana kaɗa ƙararrawa babu kowa a gabansa. To Baffa, Ralin nan ɗan Ingila ne. A birnin Nottingham ake ƙera shi tun ƙarni na 19, sai a 2002 aka daina haɗa shi a can. Garin masu keken na zo, shi ya sa na hau.

Ni ma'aikacin jinya ne a Newcastle, kuma sai da na shekara biyar ban san komai a ƙasar nan ba sai asibiti, masallaci, shagon nama na halal da tashar jirgi. Haka yawancinmu muke. In hutu ya zo mu tafi Landan ko Manchesta, mu ci tuwo a gidan ɗan uwa, mu ɗauki hoto a gaban kanti, mu dawo mu ce mun ga Ingila. Wani abokina Bazazzage mai karatun digiri na uku ne ya tayar da maganar wata hanyar keke da suke kira C2C, wato daga teku zuwa teku. Ƙungiyar Sustrans ce ta buɗe ta a 1994. Tana tashi daga Whitehaven a gaɓar yamma, ta ratsa arewacin Ingila, ta ƙare a Tynemouth ko Sunderland a gabas. Tsawonta kusan mil 140, wajen kilomita 225, kamar dai mutum ya tashi daga Kano ya nufi Kaduna. Na ce masa in Bazazzage zai iya, ai Bakano ba ya buƙatar shiri. Wannan cika bakin na biya kuɗinsa a rana ta biyu.

Al'adar hanyar ita ce ka tsoma tayar baya a ruwan teku a Whitehaven, in ka isa gabas ka tsoma ta gaba. Daga yamma ake farawa saboda iskar ƙasar galibi daga can take busowa, sai ta riƙa tura ka ta baya. Ba a ɓata cikin sauƙi, don akwai ƙananan alluna shuɗɗa masu lamba a cikin jan akwati: 71 har Penrith, daga nan 7. Mil goma na farko a kan tsohon layin dogo muka yi su, wanda a da yake ɗaukar ma'adinai, yanzu an cire ƙarafan an shimfiɗa kwalta, babu mota ko ɗaya. Irin waɗannan layukan suna da yawa a nan, musamman tun bayan rahoton Beeching na 1963 da ya sa aka rufe dubban mil na layin dogo. Abokina ya tuna da ƙaramin jirgin da ya riƙa tashi daga Zariya zuwa Jos har aka tsayar da shi a 1957, ya ce da a nan ne da yanzu 'yan keke ke bin sawunsa.

Bayan tabkin Loweswater muka hau tudun Whinlatter cikin daji, muka gangara Keswick, garin da ya yi suna da yin fensir, har gidan tarihin fensir suke da shi. A can muka ci kifi da soyayyen dankali, wanda shi ne abincin da Musulmi zai fi samu a karkarar nan, amma ka tambaya da wane mai aka soya kafin ka biya.

Kafin Greystoke tayata ta baya ta sace. Na tsaya ina waige-waige, wai ko zan hango mai faci a gindin bishiya da famfonsa da kwanon ruwa. Babu kowa sai tumaki. Na kwance tayar, na zaro tif, na hura, na kai kunne, iska ta hana ni jin komai. Can sai ga wani tsoho ya fito daga gidan gona da takalmin roba da kare a bayansa. Ya dube mu, bai ce uffan ba, ya koma. Na ce wa abokina shi ke nan, ya tafi kiran 'yan sanda. Sai ga shi da bokitin ruwa, ya dire a gabana. Na nutsa tif ɗin, kumfa ta taso daga wata 'yar huda kamar bakin allura. Shi ya shafa cikin tayar da babban yatsansa ya ciro guntun waya. Da ya ji daga Najeriya muke, tambaya ɗaya ya yi: tumakinku na da ulu? Na ce gashi ne da su, kuma ragonmu ɗaya zai yi biyun nasa. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa ƙarya amma ba ya son musu.

Tumakin kuwa, Edita, su ne masu ƙasar. A yankin tabkunan akwai wasu da ake kira Herdwick, jiki toka-toka, fuska fara, kowace da shafin fenti a gadon baya don a san mai ita. Gonakin an kewaye su da katangar duwatsu da aka jera ba siminti ba laka, ta hau tudu ta gangara har inda ido ya ƙare. Inda titi ya ratsa makiyaya, sai a haƙa rami a shimfiɗa masa sandunan ƙarfe: mota da keke su wuce, dabba ba ta iya takawa. A ƙofar wani gida mun ga ƙwai a akwati da gwangwanin jefa kuɗi, babu mai tsaro. Na ɗan tsaya ina kallon gwangwanin nan, ban ce komai ba, shi ma Bazazzagen bai ce ba.

Rana ta biyu ita ce Hartside. Daga ƙauyen Renwick hanya take miƙewa sama, ba ta sassauta ba sai a mita 580. Na sa giya mafi sauƙi, na taka, na taka, cinyoyina suka ɗauki wuta. Wata mata da ta girmi Innata ta wuce ni tana gaishe ni, ko haki ba ta yi. Daga ƙarshe na sauka na kama tura keken. Abokina yana jira a sama, ya ce yau ya ga Bakano ya shiga sahun Turawa, tunda ga shi yana turawa. A da akwai shagon shayi a ƙolin, gobara ta cinye shi a 2018, don haka dabino da ruwan gora muka yi buki da su. Daga can kana hango kwarin Eden shimfiɗe kamar tabarma. Ba a daɗe ba hazo ya rufe, ruwa ya sauko, sanyin da ya shige ni a tsakiyar Yuni ya fi na hunturun Kano. Duk wanda zai zo kada ya bar rigar ruwa da safar hannu, ko da ya fito da rana tsaka.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Hawan da ke bayan Garrigill ya fi Hartside tsayuwa, sannan ga Black Hill bayan Nenthead, mita 609, wuri mafi tsawo a duk hanyar. Ƙauyukan nan na masu haƙar darma ne a da, yanzu sai kangaye da tsofaffin ramuka. Wanda yake zaton duk Bature a cikin daula yake, ya zo ya ga Nenthead da yamma ana yayyafi.

Sallah ba ta ba mu wahala ba. Kasaru muka riƙa yi a gefen katanga, alƙibla kudu maso gabas, alwala da ruwan rafi mai sa haƙora kaɗawa. Abin da ya fi wuya shi ne rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura, ka gaji liƙis amma dole ka jira magariba. Matar da muka kwana a gidanta mun gaya mata tun da dare ba ma cin naman alade, da safe ta cika mana faranti da ƙwai, wake, gasasshen tumatir da burodi.

Rana ta uku, in ka tsira daga hawan Crawleyside a bayan Stanhope, sauran duk sululu ne a kan wani tsohon layin dogon har Consett, garin da aka rufe masana'antar ƙarfensa a 1980, sai kuma bakin kogin Tyne. Na wuce ta ƙarƙashin gadojin Newcastle da nake gani kullum ta tagar bas. Da la'asar na tsoma tayar gaba a teku a Tynemouth, igiyar ruwa ta cika mini takalmi.

'Yan uwa ɗalibai da ma'aikata da ke nan, ba sai kun sayi keke mai tsada ba. Nawa na hannu ne, kuma akwai masu ba da haya. Ku riƙe tif biyu da famfo, ku tambayi ƙa'idar saka keke a jirgin ƙasa kafin ranar tafiya, ku tuna hagu ake bi.

Baffa kuma ya sake turo saƙo bayan ya ga hoton teku. Bai janye maganarsa ba. Cewa ya yi in duba masa ko har yanzu ana samun ƙararrawar Rali ta asali, tasa ta daina ƙara tun zamanin Shagari.

Naka,
Wani Bakano mazaunin Newcastle, Ingila