Takarda kaɗai ba ta tsare fili: yadda ƙungiyoyin riƙon amanar filaye ke haɗa ƙarfi a Amurka

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi bayani kan wani tsari da Amurkawa ke bi don hana gonaki, dazuzzuka da fadamu komawa filotai. Ana yawan ɗauka da an sa hannu a takarda shi ke nan fili ya tsira. A gaskiya daga ranar aikin yake farawa, kuma ƙungiya ɗaya ba ta iya ɗaukarsa ita kaɗai.

Ƙungiyoyin riƙon amanar filayen nan masu zaman kansu ne, ba na neman riba ba. Ta farkonsu, Trustees of Reservations, an kafa ta a jihar Massachusetts a 1891. Ƙidayar 2020 ta nuna sun tsare fili eka miliyan 61, wato ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin Najeriya. Wani filin sayensa suke yi. Wani kuma yana nan a hannun mai shi, yana nomansa, yana iya sayarwa ko ya bar wa magada, sai dai ya sallama haƙƙin yanka shi filotai ko gina masa manyan gine-gine. Ana rubuta wannan sharaɗi a rajistar filaye, ya bi filin duk hannun da ya shiga. Ya yi kama da waƙafi ta fuskar dawwama, amma a nan mallakar ba ta barin hannun mai ita. Dokar harajin ƙasar ta 1980 ta ce ba za a yi wa mai fili rangwamen haraji ba sai sharaɗin ya zama na har abada.

Kafin sa hannu akwai aikin da ba a tsallakewa. Ana bin tarihin mallakar filin, a auna iyaka, sannan a haɗa kundin yadda filin yake a ranar: taswira, hotuna daga wuraren da aka yi wa alama, gine-ginen da ke ciki, hanyoyi, rafi da nau'in itatuwa. Ɓangarorin biyu su sa hannu a kundin. Idan filin na jingine a banki, dole bankin ya rubuta cewa ya amince sharaɗin yana gaba da bashinsa. In ba haka ba, ranar da ya ƙwace filin ya yi gwanjonsa, yarjejeniyar na iya rushewa. Daga nan sai ziyara aƙalla sau ɗaya kowace shekara. Mai duba fili ya tsaya daidai inda aka ɗauki hoton farko, ya sake ɗauka, ya gwada biyun. Ta haka ake gano sabuwar hanyar mota da aka sare ta cikin daji, ko rumfar da ta zama gida.

Matsala ba kasafai take fitowa daga wanda ya fara amincewa da sharaɗin ba, domin shi da son ransa ya yi. Tana zuwa ne daga magaji ko mai saye na biyu da na uku, wanda bai san dalilin sharaɗin ba, kuma yana ganin kuɗin da maƙwabta ke samu. In mai hali ne, zai ja shari'a har ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata biyu ta durƙushe. A nan haɗin kai ya yi rana. A 2013 ƙungiyoyi fiye da 400 suka fara amfani da inshorarsu ta kansu mai suna Terrafirma. Kowace tana zuba kuɗi duk shekara gwargwadon yawan filayen da take riƙe da su, wadda aka taɓa kuma a biya mata kuɗin lauya daga asusun. Mai niyyar keta sharaɗi ya san ba da ƙungiya ɗaya zai kara ba.

Uwar ƙungiyarsu, Land Trust Alliance, wadda aka kafa a 1982, ita ta fitar da ƙa'idojin aiki guda 12 da mambobi ke bi. A 2006 aka kafa hukumar tantancewa, tana duba littattafan kuɗi, kundin filaye da yadda shugabanni ke kauce wa son kai, bayan shekara biyar kuma ta sake dubawa. Muna ganin wannan ne ginshiƙin tsarin, saboda ƙungiya ma tana mutuwa. Shi ya sa ake rubuta sunan wata ƙungiya a cikin yarjejeniyar tun farko, wadda za ta karɓi amanar in ta farko ta gaza, tare da asusun kula da filin. Ƙananan da suka ga nauyi ya fi ƙarfinsu sukan haɗe su zama ɗaya. Babban ciniki ma da taro ake yinsa: a 2001 New England Forestry Foundation ta tara kusan dala miliyan 28 daga masu ba da gudummawa, ta sayi haƙƙin gini a dajin iyalan Pingree mai eka 762,192 a jihar Maine, ana kuma ci gaba da sarar katako a cikinsa bisa ƙa'ida.

Tsarin bai rasa ɓata-gari ba. Wasu 'yan kasuwa sun riƙa haɗa masu zuba jari su sayi fili da araha, a zuzuta ƙimarsa, a sa masa sharaɗin hana gini, su ci rangwamen haraji ninkin-ba-ninkin. Ƙungiyoyin da kansu suka matsa wa majalisa, a Disamban 2022 aka yi dokar da ta hana irin wannan rangwame in ya wuce ninki biyu da rabi na jarin da aka zuba.

A Najeriya Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, takardar mallaka galibi ta shekara 99 ce, don haka ba za a kwafi tsarin yadda yake ba. Amma kundin hotuna, ziyarar shekara-shekara da asusun shari'a na haɗin gwiwa ba sa jiran sabuwar doka. Muna kira ga ƙungiyoyin da ke kare gandun daji, burtali da wuraren kiwo su fara da waɗannan ukun.

Wassalam.
Daga wasu masu aikin kiyaye muhalli