Tun da maigidana ya samu shugabanci ya daina zuwa sujada

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Yesu Almasihu. Ina bin shirinka a rediyo, kuma na rasa wanda zan gaya wa damuwata, shi ya sa na rubuto.

Wa'azinka a kan Sarki Hezekiya ne ya fama mini ciwo. Ka ce yana da shekara 25 ya hau gadon sarauta, kuma a watan farko na shekararsa ta farko ya buɗe ƙofofin Haikalin da ubansa Ahaz ya rufe, bai ce bari mulki ya zauna tukuna ba. Na buɗe 2 Tarihi 29 da kaina, haka yake a rubuce, har da kwana 16 da aka yi ana tsarkake wurin. Ina karantawa ina share hawaye, don ni a gidana an rufe ƙofar da take a buɗe ne.

An ba maigidana shugabanci a wurin aikinsu. Baba, mutumin nan shi ke tashe mu addu'ar asuba a da, shi ke koyar da yara a makarantar Lahadi. Lokacin da ake neman muƙamin nan ni na yi azumi, ni na durƙusa, danginsa da ke cika mana falo yanzu ko ɗaya ban gani ba. Ba gori nake yi ba, amma gaskiya ce. Yanzu kowace Lahadi yana da taron aiki. In ma ya zauna addu'a da mu, wayar na kan cinyarsa, tana yin haske ya miƙe.

Ranar da aka yi wa ɗanmu na fari baftisma bai zo ba. Yaron yana cikin layi yana ta waiwayen ƙofa, har aka kira sunansa bai ji ba sai da na bayansa ya taɓa shi. Na manta ban faɗa ba, da bakinsa maigidana ya yi wa yaron alkawarin zai zo.

Da dare na karanta masa Matiyu 6:33, inda Ubangiji ya ce a fara neman Mulkin Allah da adalcinsa, sauran za a ƙara mana. A hankali na karanta, ban ɗaga murya ba. Sai ya ce, "Yaushe aka naɗa ki fasto a gidan nan?" A gaban ƙanwarsa fa. Wai haƙƙin mutanen da ke wuyansa ma bautar Allah ne, wai Dawuda ma yana fita yaƙi. Na ce Dawudan nan shi ya yi rawa a gaban akwatin alkawari, kuma na ce masa ya tuna da Sarki Uzziya da ya yi ƙarfi girman kai ya kayar da shi. Me na faɗa da ba ya cikin Littafi Mai Tsarki? Tun ranar ko gaisuwata ba ya amsawa, ƙanwar kuwa tana yawo da ni wai ina baƙin ciki da ɗaukakar yayanta. Ita da ba ta taɓa ƙaunata ba tun aurenmu.

Wata dattijuwa a ikkilisiya ta ce in yi shiru, ta kawo mini 1 Bitrus 3:1, inda aka ce mace na iya jawo mijinta da halinta ba sai ta yi magana ba. To shirun har yaushe, ƙaramin ɗanmu ya fara cewa tun da Baba ba ya zuwa shi ma ba zai je ba? Na so in kai wa dattawan ikkilisiya, amma suna ganin girmansa yanzu, tsoro nake su juya maganar a kaina.

Abin da ya hana ni barci shi ne, na fara roƙon Allah ya karɓe muƙamin nan. Ni da na roƙa aka ba shi. Baba, zunubi ne wannan addu'ar? Don Allah in za ka amsa a shirin kada ka faɗi abin da zai sa a gane ni, danginsa suna saurare.

'Yarka cikin Ubangiji