Sabuwar mota, suɗaɗɗun tayoyi: dila ya ce ba ruwansa, kamfanin taya ma haka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in amayar da abin da ya yi wata biyu yana ci mini rai, ƙila wani mai shirin sayen mota ya karanta ya tsira daga irin jeka-ka-dawon da nake sha yanzu.

Bara na sayi mota sabuwa dal a wajen dila, ledar kujerun ma ni na ɓare da hannuna, kuma tun daga ranar ban taɓa kai ta wani gareji ba sai nasu, sabis biyu aka yi mata duk a wajensu, kowane zuwa a ba ni takarda an bi layi-layi an yi tik, har da layin taya an ce lafiya lau. To wata na 13 da sayen ta, tana kilomita 17,000 da 'yan kai, ƙusa ta shiga tayar gaba ta dama na tsaya wajen mai faci, yana cire tayar ya juyo mini da cikinta ya ce Malam zo ka gani. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Gefen waje zanen tayar raɗau kamar jiya aka saka ta, amma gefen ciki, wanda ba ka gani sai ka durƙusa ko ka murɗe sitiyari ƙarshe, ya suɗe tas kamar tafin hannu. Muka leƙa ta hagu, ita ma haka. Kuma da wannan motar nake ɗaukar iyalina a hau babban titi har cikin ruwan sama.

Washegari da sassafe ina wajen dila. Yaron da ke karɓar motoci ya duba sama-sama ya ce ai yallaɓai taya ba ta cikin garanti, kayan da ke cinyewa ne kamar su birki da wayifa, in akwai matsala kamfanin da ya yi tayar zan nema. Na nemi wakilin kamfanin tayar, shi kam ya yi aikinsa, ya sa geji ya auna zurfin zanen a wuri uku, waje ya kusa milimita 6, tsakiya wajen 4, ciki kuma ya wuce alamar nan ta milimita 1.6 da ake sawa a cikin zanen don a san taya ta gama aiki, sai ya ce robarmu ba ta da aibu, da aibun ƙira ne da ka ga kumburi ko rabuwar zane ko tsagewa, wannan cin gefe ne kuma cin gefe daga mota yake fitowa, ka koma wajen dila su duba alaimen, wato saitin ƙafafun mota. Na koma. Sai manaja ya buɗe ɗan littafin garanti ya nuna mini wani layi da ƙananan rubutu wai gyaran alaimen kyauta na wata 12 na farko ne kawai, ni kuma na zarce da wata ɗaya, sannan ya ƙara da cewa ma ai ramuka kake faɗawa. Mutumin da bai taɓa zama a motata ba fa, shi ne ya san yadda nake tuƙi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wasiƙar nan shi ne na gano ita taya ba ta ƙarya, yadda ta cinye shi ke faɗin wanda ya yi laifi, kuma dilolin nan sun fi kowa sanin haka, kawai dai sun dogara da cewa mu masu saye ba mu iya karanta ta ba. In iska ta yi yawa tsakiyar tayar ce ke fara cinyewa don ta yi ƙoƙo ta tsaya a kan cibiyarta. In iska ta yi kaɗan gefe biyun ne ke tafiya tare su bar tsakiya, ga zafi da take ɗauka wanda shi ke fasa taya ana cikin gudu. In ka ga cin ya yi tudu da kwari zagaye da tayar, kana jin gurnani in ka taka, to a duba shokazoba ko balansin. In wuri ɗaya ne ya lotse, birki ne aka taka taya ta ja ƙasa. Amma gefe ɗaya kaɗai, kuma in ka shafa hannu a kan zanen ka ji santsi ta wannan ɓangaren kaifi ta wancan kamar haƙoran zarto, wannan saitin ƙafa ne, ko dai tayar ta kwanta ciki ko bakinta ya buɗe waje tana tafiya a karkace.

Na biya da kuɗina aka ɗora motar a na'urar alaimen a wani wuri daban aka buga mini takarda. Tayoyin gaba biyun duk bakinsu ya buɗe waje, kowacce kusan rabin digiri, kuma kusan daidai da juna. Rabin digiri kamar ba komai ba ne ko? To a lissafa, taya mai karkatar rabin digiri a duk kilomita ɗaya kamar an ja ta a kaikaice ne kusan mita 9, a kilomita 17,000 kuwa ya tasam ma kilomita 150 ana goga ta a kwalta kamar ana wasa wuƙa, wace roba ce za ta jure wannan. Sannan maganar rami, haba, ramin da zai iya gocar da saiti haka ai yakan bar shaida, rim ya lanƙwashe ko gefen taya ya yi ƙulu ko sitiyari ya daina tsayawa a tsakiya, kuma galibi ƙafa ɗaya yake doka. Wane irin rami ne mai adalci da zai buɗe hagu da dama daidai wa daida bai bar ko ƙwarzane ba? Ni dai hankalina ya fi kwanciya da cewa a haka motar ta fito, ko kuma a haka aka sauke ta daga tirela ba wanda ya duba. Kuma suɗewar da ta kai wannan matsayi ba a wata na 13 ta fara ba, tana nan lokacin sabis na biyu da aka yi tik aka ce lafiya, lokacin ina cikin wata 12 ɗin nasu tsundum.

Kar a ce na ga laifin wani na taka nawa, ni ma ina da nawa kason. Ban taɓa durƙusawa na leƙa cikin tayar ba. Ban matsa a juya tayoyin ba, na gaba su koma baya, wanda yawancin littattafan mota ke cewa a yi duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, musamman motar da ke ja da gaba inda tayoyin gaba su ke ja, su ke juyawa, su ke ɗaukar mafi yawan birki da nauyin inji, da an juya su da tuni an ga abin. Kuma na sakankance da fitilar nan ta gaban direba da ke kamawa in iskar taya ta ragu, ashe a ƙa'idar Amurka sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 kafin ya zama dole ta kama, wato tayar da ake so iskarta ta tsaya a maki 32 a geji tana iya sauka har 25 fitila ba ta ce uffan ba, alhali taya lafiyayya ma takan rage kusan maki ɗaya a wata ita kaɗai. Na kuma yarda akwai masu mota da ke hawa kan dakalin titi da gudu su dawo suna yi wa dila ihu, waɗannan ban ce a biya su ba. Amma ai shi ya sa ake aunawa, don a raba mai gaskiya da mai neman na banza, ba wai a haɗa kowa a ce ramuka ba.

Wani abin da ba a gaya wa mai saye shi ne tayar da ta zo da mota daga masana'anta ba lallai ta zama irin wadda za ka saya a shago ba ko da suna ɗaya lamba ɗaya. Kamfanin mota ne ke ba da oda yadda yake so, taya mai saukin birgima don mota ta nuna ba ta shan mai a gwajin hukuma, marar ƙara, mai laushi don wanda ya zo gwada mota ya ji daɗi ya sa hannu, daɗewa kuwa ita ce a ƙarshen layi tunda ba shi zai sayi ta biyu ba. Har alama suke sa mata a gefe, BMW tauraro, Mercedes MO, Audi AO, Porsche kuma N da lamba. Kuma sau da yawa garantin nisan tafiya da kamfanin taya ke bayarwa in ka saya a shago ba ya hawa kan wadda ta zo da mota, ita dai aibun ƙira kawai aka lamunce maka. Ka ga an bar ta marainiya kenan, mai mota ya ce ba 'yarsa ba ce, mai taya ya ce ba shi ya yi mata tarbiyya ba. Akwai ma lambar jure cinyewa da ake bugawa a gefen tayoyin da ake sayarwa a Amurka, irin su 300 ko 500, amma kamfanin da kansa ke sa lambar, don haka ba a cika dogara da ita wajen gwada tayar wannan kamfani da ta wancan ba.

Ga kuma batun iskar jigila. Masana'anta kan cika tayoyi da iska fiye da ƙima kafin a loda mota a jirgi, don kar su lotse a wuri ɗaya in ta daɗe a tsaye, aikin dila ne ya rage ta zuwa abin da aka rubuta a 'yar takardar jikin ƙofar direba kafin ya miƙa makulli. Mutum nawa ne suka bar wajen dila da iska 45 ko fiye ba su sani ba, bayan shekara tsakiyar taya ta tafi a ce musu ku kuka cika iska? Shi ma babban adadin da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba shi ne na tuƙi ba, amma za ka ga mai faci ya karanta shi ya ɗura maka.

Wannan turereniyar laifi ba yau aka fara ta ba kuma ba ƙaramin abu ba ce. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, yawancinsu waɗanda suka zo da motar Ford Explorer, bayan zanen taya ya riƙa sullewa ana cikin gudu mota ta kife, mutum sama da 200 suka rasa rayukansu. Me aka gani? Ford na cewa taya ce, Firestone na cewa mota ce da iska 26 da Ford ya ce a sa alhali su 30 suka fi so, har a 2001 suka raba gari bayan kusan shekara 100 suna hulɗa. Sai da majalisar ƙasar ta yi doka a 2000 ɗin, wadda daga ita ne fitilar iskan ta zama dole a sababbin motocinsu daga 2007, Tarayyar Turai ma ta bi sahu a 2014. In manyan kamfanoni masu lauyoyi sun yi wa juna haka a gaban majalisa, ina ga ni da na je da takardar mai alaimen a aljihu.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowane dila ba. Ranar da za a ba mutum sabuwar mota a ɗora ta a na'ura a ba shi takardar alaimen mai kwanan wata, a auna iska a gabansa, a kuma faɗa masa da baki waye ke da alhakin taya da kuma ranar da garantin saiti zai ƙare, ba a ɓoye a shafi na talatin ba. A kowane sabis kuma a daina yin tik, a rubuta zurfin zane da lamba, ciki da tsakiya da waje, taya huɗu, aikin minti biyar ne da gejin da bai kai girman biro ba. Da an yi mini haka a kilomita 10,000 da an ga ciki 4 waje 7, a saita ƙafa, magana ta ƙare ba wanda ya ɗaga murya. Hukumomin kare haƙƙin masu saye su ma su dubi wannan giɓin da ke tsakanin garanti biyu, don a nan ake jefa mutane. Wanda kuma ya riga ya sayi tasa, don Allah yau ɗin nan ka murɗe sitiyari ƙarshe ka shafa cikin tayar da hannunka, ka ɗau hoto da lambar kilomita, ka duba lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ya fara da haruffan DOT a gefenta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2322 to sati na 23 ne na 2022, don wani lokaci mota sabuwa ce amma ta shekara a ajiye. Duk ƙorafin da za ka yi kuma ka sa a rubuta a katin aiki a ba ka kofi, na baki iska ke kwashe shi.

Ni dai na sayi sababbin tayoyi biyu don ba zan yi caca da ran yarana ba, tsofaffin kuma ban bar su wajen mai faci ba, suna nan na ajiye su da lambobinsu. Satin da ya wuce manajan ya kira ni wai za su yi mini alaimen kyauta, abin da na riga na biya aka yi, su kuma rage mini wani abu a taya ɗaya in na yarda an rufe maganar. Na ce ya rubuto mini haka a takarda tare da dalilin da ya sa aka yi tik a sabis na biyu. Yau kwana tara kenan ina jiran takardar.

Na gode, Malam Edita.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku